BABI NA HUƊU: FUSKA DA YAUDARA A BAKIN BATURE DA NA BAHAUSHE

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an tattaro kalmomi da maganganun Turanci waɗanda suka danganci fuska da yaudara da nuna hali biyu, an kuma kasa su kashi-kashi gwargwadon ma'anarsu. A wannan babi za a yi ƙoƙarin ɗora su a kan sikeli tare da takwarorinsu na Hausa, domin a ga ko fassarar da aka saba yi musu tana biyan bukata. Duk ɗalibin da ya buɗe ƙamus, tun daga na Skinner (1965) har zuwa na Ma Newman (1990), abin da yake nema shi ne kalma ɗaya ta Hausa wadda zai ajiye a gurbin kalma ɗaya ta Turanci. Ta wannan hanya ce ‘hypocrite’ ta zama munafuki a cikin aji da gidajen rediyo, ‘two-faced’ kuma ta zama mai fuska biyu, aka wuce wurin kamar an gama magana.

Ra'ayin da wannan babi ya tsayu a kansa shi ne, Bature da Bahaushe ba a wuri ɗaya suke neman mayaudari ba. Bature yana tuhumar fuska. Bahaushe kuwa shaida ya ɗauki fuska, tuhumarsa tana kan baki da ciki da kuma abin da mutum yake ƙullawa tsakanin mutane biyu. Za a gwada wannan ra'ayi a kan wasu taurari na rubutaccen adabi, sa'annan a dubi yadda wata kalmar Turanci ta yi kaka-gida a bakin mutanen ƙasar Tsafe. Misalan Hausa da aka kawo irin maganar yau da kullum ce ta Bilbis da kewayenta, inda akan ce huska da munahuki da munahucci, amma an rubuta su da daidaitacciyar Hausa sai inda bukata ta kama.

4.1 Matsayin Fuska a Turanci

Idan aka bi salsalar kalmomin Turanci na wannan rukuni, za a tarar da yawa daga cikinsu daga dandamalin wasan kwaikwayo suka sauko. Kalmar ‘hypocrite’ daga Girkanci take, kuma ma'anarta ta farko ita ce ɗan wasan kwaikwayo. 'Yan wasan ƙasar Girka kuwa ba su hawa dandamali sai sun ɗaura fuskar aro a bisa tasu. Hatta kalmar ‘person’, watau mutum, daga Latin take, inda asalinta yake nufin wannan fuskar aro ta ɗan wasa. Ke nan tun daga tushe harshen ya gaji tunanin cewa fuska aba ce da ake sanyawa a kuma cire, kamar hula.

Kalmar ‘two-faced’ tana da 'yar'uwa, watau ‘Janus-faced’. Janus abin bauta ne na mutanen Rum na dā, wanda suka ɗauka shi ne mai tsaron ƙofofi, suna sassaƙa shi da fuska biyu, ɗaya tana duban gaba ɗaya tana duban baya. Daga sunansa ne watan Janairu ya samo suna. Ita kuwa ‘duplicity’ daga wata kalmar Latin take mai nufin abin da aka ninka biyu, kamar tufa, gefen da ake gani daban, wanda aka naɗe ciki daban. Marubutan Ingila sun yi amfani da wannan tunani wajen raɗa wa taurarinsu suna. A cikin The Pilgrim's Progress na John Bunyan (1678) an ambaci wani mai suna Mr Facing-both-ways, watau mai fuskantar gaba da baya. A wasan The Double-Dealer na William Congreve (1693) sunan mugun tauraron Maskwell, watau wanda ya iya ɗaura fuskar aro.

Sauran maganganun ma a wannan turba suke. ‘Barefaced’ da farko tana nufin wanda bai rufe fuskarsa ba, daga baya ta koma nufin marar kunya, kamar dai a ce an saba maƙaryaci ya rufe fuska, wannan kuwa ko rufewar bai yi ba. ‘Poker face’ daga cacar karta ta Amurka ta fito a ƙarni na 19, inda ɗan caca yake daskarar da fuskarsa kada abokin karawa ya karanta abin da ke hannunsa. ‘Face value’ darajar da aka buga a jikin kuɗi ce, kuma idan aka ce mutum ya karɓi magana a kan wannan daraja, to ana nufin ya yi sakaci, bai bincika ba. Sai kuma ‘lose face’, wadda Turawan da suka zauna ƙasar Sin a ƙarni na 19 suka fassaro daga Sinanci, daga baya aka ƙera mata kishiya, watau ‘save face’. Idan aka tara waɗannan duka za a ga cewa a Turanci fuska tamkar ƙyauren ɗaki ce: ana iya yi mata fenti, amma ba ta faɗin abin da ke cikin ɗakin.

4.2 Matsayin Fuska a Hausa

Bahaushe ya yanke hukunci a kan fuska da karin magana guda, inda ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan kishiyar tunanin da aka gani a sama ne, domin a nan fuska ce mai tona asirin zuciya. Dubi waɗannan misalai:

(1) Maigida ya saki fuska.
(2) Tun da safe ta ɗaure fuska.
(3) Yaro bai ga fuska ba, sai ya koma.
(4) Wannan ai cin fuska ne.

A misali na (1) da na (2) fuska tana sanar da halin da rai yake ciki. A na (3) ita ce ƙofar da ake dubawa kafin a kawo bukata. A na (4) kuwa tana wakiltar mutuncin mutum. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke ɗauke da ma'anar ƙarya. Inda ma fuska ta yi yunƙurin yin ƙarya, Bahaushe ya raɗa wa abin suna yaƙe, kuma yaƙe ba ya yaudarar kowa, domin da an gan shi an san dariya ce wadda ba ta kai ciki ba.

Haka kuma rufe fuska a al'adar Hausawa alama ce ta girma da kunya. Basarake yana ɗaura amawali ya rufe baki da hanci, amarya tana lulluɓi, kuma ba wanda zai ce suna shirin cutar wani. A wasannin tashe yara sukan manna gemun auduga su kwaikwayi tsoho, amma kowa a unguwa ya san ɗan gidan wane ne, daɗin wasan ma a sanin yake. Saboda haka tunanin fuskar aro wadda ke ɓoye mugun nufi bai sami gurbin zama sosai a harshen ba.

To, ina Bahaushe ya ajiye yaudara? Amsar tana fitowa idan aka jera maganganun Turanci da abin da Bahaushe zai faɗa a irin wannan hali:

(5) ‘poker face’: zurfin ciki
(6) ‘save face’: rufin asiri, ko fita kunya
(7) ‘lose face’: zubewar mutunci
(8) ‘barefaced’: tsaurin ido, ko yin abu ƙiri-ƙiri
(9) ‘double-dealing’: baki biyu, ko zagon ƙasa

A duk misalan nan biyar fuska ta ɓace daga ɓangaren Hausa, ciki da asiri da ido da baki suka maye gurbinta. Mutanen da suke gaisawa alhali akwai ƙullalliya tsakaninsu akan ce suna zaman ta-ciki-na-ciki. Mai daɗin baki da mugun nufi kuwa shi ne Musa a baki, Fir'auna a zuci. A nan ma baki aka tuhuma. Mai gaskiya kuma cikinsa aka yaba, aka ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Mai karatu yana iya cewa ai Bahaushe ma ya san sutura ta yaudara, tun da yana cewa kura da fatar akuya, da ungulu da kan zabo, da macijin ƙaiƙayi, da sojan gona. Wannan gaskiya ne, kuma a nan harsunan biyu sun yi kusa, domin Turanci ma yana da kyarkeci cikin fatar tunkiya da maciji cikin ciyawa. Sai dai a lura, a waɗannan misalai abin da aka ara fata ce, ko kan wani tsuntsu, ko ƙaiƙayi, ko kakin soja. Duk abubuwa ne na waje da aka yafa. Ita fuskar mutum ta kansa ba a sa ta cikin kayan aro ba.

4.3 Asalin ‘Fuska Biyu’ da ‘Munafuki’

Idan haka ne, daga ina Hausa ta samo ‘fuska biyu’? Wasu ɗalibai sukan ɗauka fassara ce ta ‘two-faced’ wadda ta shigo tare da boko. A ganin wannan nazari ta ƙofar Larabci ta shigo. Akwai hadisi sananne da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya sanya mai fuska biyu cikin mafi sharrin mutane, ya kuma bayyana shi da cewa shi ne mai zuwa wa waɗannan mutane da wata fuska, ya je wa waɗancan da wata. Malaman zaure sun daɗe suna fassara wannan hadisi ga almajirai, kuma ƙasar Tsafe ba baƙuwar karatu ba ce, domin a cikinta tsohon garin 'Yandoto yake, wanda ya yi suna da malamai tun kafin jihadin 1804. Abin lura shi ne, a cikin hadisin fuskokin nan biyu jama'a biyu ake kai wa su. Saboda haka idan mutumin Bilbis ya ce, “Wane huska biyu garai,” abin da yake nufi shi ne mutumin yana tare da mu, yana kuma tare da abokan gabanmu.

Kalmar munafuki ita ma daga Larabci take, sura ta 63 a cikin Alƙur'ani ma da sunan munafukai ake kiran ta. Masana luggar Larabci suna danganta kalmar da ramin wani ɓeran daji mai ƙofa biyu, wanda idan aka tare shi ta ɗaya sai ya fice ta ɗayar. Babban misalin munafuki a tarihin Musulunci shi ne Abdullahi bin Ubayyu, wanda ya fita tare da rundunar Musulmi zuwa Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira, sa'annan ya juya da mutane wajen 300 kafin a gwabza. Wani hadisin kuma ya kawo alamomi uku na munafuki, watau ƙarya da saɓa alkawari da cin amana. Dukkansu laifuffuka ne da ake yi wa wani.

Da kalmar ta zauna a Hausa sai ta ƙara karkata ga wannan ɓangare. A cikin gida, munafuka ita ce mai ɗaukar maganar wannan ɗaki ta kai wancan. A fada, munafuki shi ne mai shiga tsakanin sarki da talakawansa, abin da ya sa ake cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. Abokan tafiyar kalmar su ne annamimi da algungumi da magulmaci. Za a iya gwada bambancin da misalai biyu. Mutumin da yake hana shan taba a gaban jama'a amma yana sha a ɓoye, Bature zai kira shi ‘hypocrite’ kai tsaye. Bahaushe yana iya ce masa munafuki, musamman a wurin wa'azi, amma abin da ya fi zama daidai shi ne a ce mai riya ne, ko mai aikin ganin ido. Tsohuwar da take yawo tsakanin kishiyoyi tana haɗa su faɗa kuwa munafuka ce ba tare da wata tantama ba, alhali Bature ba zai kira ta ‘hypocrite’ ba, domin ba ta yi da'awar wani halin kirki da ba ta da shi ba. A taƙaice, shi ‘hypocrite’ 'yan kallo kawai yake bukata. Munafukin Bahaushe kuwa sai an sami mutum uku, shi da waɗanda zai raba.

4.4 Gwajin Kalmomin a Kan Taurarin Adabi

4.4.1 Waziri da Aku a Magana Jari Ce

A littafi na farko na Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1937), Wazirin Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji yana kwaɗayin gadon sarauta. Da yaƙi ya tashi tsakanin ubangidansa da Sarkin Sinari sai ya haɗa baki da abokin gaba a asirce, ya kuma shiga ƙulle-ƙullen yadda Musa ɗan sarki zai fita daga gida da dare domin a hallaka shi. Wannan Waziri shi ne cikakken mai fuska biyu irin na hadisi, domin akwai fadar Abdurrahman, akwai ta Sinari, shi kuma yana cin tuwon wannan yana yi wa waccan aiki. Idan aka kira shi ‘hypocrite’ an rage masa laifi ƙwarai, domin kalmar ba ta ɗauke da cin amana. Kalmomin Turanci da suka fi kusa da shi su ne ‘traitor’ da ‘double-dealer’.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazari a nan shi ne Aku. Shi ma fa yana ɓoye wa Musa nufinsa. Kowane dare Musa ya yi shirin fita sai Aku ya ja shi da labari har gari ya waye, yana nuna kamar hira ce kawai, alhali tsare shi yake yi. Idan da ma'aunin ‘duplicity’ za a auna, watau saɓanin abin da aka nuna da abin da aka ɓoye, to da Waziri da Aku duk sun faɗa ciki. Amma babu Bahaushen da zai karanta littafin ya ce Aku munafuki ne. Abin da za a ce shi ne ya yi dabara, ya yi hikima. Imam da kansa ya raba gardama, tun da a ƙarshe asirin Waziri ya tonu, aka naɗa Aku a gurbinsa, munafuncin dodo ya ci mai shi. Ma'aunin marubucin shi ne amana: sarki ya bar wa su biyun amana, ɗaya ya ci, ɗaya ya riƙe. Wannan ya nuna cewa a wurin Imam ɓoye nufi shi kaɗai ba laifi ba ne, sai an duba wa aka ɓoye wa, kuma don amfanin wa.

4.4.2 Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja

A Ruwan Bagaja, wanda Imam ya rubuta domin gasar 1933, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suna haɗuwa gari bayan gari, kowa yana rama cutar da ɗan'uwansa ya yi masa. Akwai ƙarya da zamba da shigar burtu a cikin lamarinsu, amma ba a kiransu munafukai, domin kowannensu ya san matsayinsa a wurin ɗayan, babu amanar da za a ci. Irin wannan hali sunansa wayo, kuma uban gidan masu shi shi ne Gizo na tatsuniya. Mai karatu dariya yake yi musu, alhali Waziri tsana yake jawowa. Abin sha'awa shi ne, kalmar wayo ta bi hanya ta shiga Turancin Nijeriya da ma'anar zamba, watau a wannan karo Hausa ce ta ba da aro.

4.4.3 Taurari Biyu na Shakespeare

A wasan Twelfth Night, wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara da sunan Daren Sha Biyu (1971), wata budurwa mai suna Viola ta yi shigar maza ta kama aiki a gidan wani basarake, har wata mace ta kamu da sonta, kuma ba a warware rikicin ba sai da ɗan'uwanta tagwai ya bayyana. Ga mutum ɗaya da kama biyu, ga kuma mutum biyu da kama ɗaya. Duk da haka mai fassara ba zai ce da Viola mai fuska biyu ba, domin ba ta ci amanar ubangidanta ba, hasali ma saƙonsa take kaiwa da gaskiya ko da yake hakan yana sosa mata rai. Kalmar da ta dace da ita ita ce ɓad-da-kama.

Wanda Bahaushe zai gane nan take shi ne Iago na wasan Othello. Shi ne yake shiga tsakanin miji da mata, da tsakanin shugaba da mataimakinsa, yana ba kowa shawara kamar masoyi, har ya sa miji ya kashe matarsa a kan zargin da ba shi da tushe. Shakespeare ya sa shi ya rantse da Janus a farkon wasan, watau ya yi masa tambarin fuska biyu irin na Rum. Amma aikin da yake yi annamimanci ne tsantsa. A kan irin Iago ne kawai ‘two-faced’ da fuska biyu suke haɗuwa sosai, kuma wannan dacewa ce take sa a zaci kullum ma'anarsu ɗaya.

4.5 Kalmomin Aro na Wannan Zamani

Duk da yalwar kalmomin Hausa na wannan fage, an ari wasu daga Turanci. Akwai fo-wan-nain, daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuffuka da kudancin Nijeriya ke aiki da shi, wanda ya tanadi hukuncin karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. Arewa tun 1960 da dokar Final Kod take aiki, Zamfara kuma ta ƙara da dokar shari'ar Musulunci a 2000, amma lambar ta kudu ce ta zauna a baki kusa da damfara. Akwai kuma anti-fati, wadda 'yan siyasa suke faɗa wa ɗan jam'iyyar da ya yi wa ɗan takararsu zagon ƙasa.

Wadda ta fi duka nauyi a ƙasashen Tsafe da Bungudu da Gusau ita ce infoma, jam'inta infomomi. A Turanci ‘informer’ shi ne mai kai wa hukuma rahoton masu laifi, galibi don a biya shi. Da kalmar ta shigo Zamfara sai ta juya baya, ta koma nufin mai kai wa 'yan bindiga rahoton mutanen gari: wa ya sayar da shanu, wa ya dawo daga kasuwa da kuɗi, yaushe jami'an tsaro suka tashi. Kalmar ɗan leƙen asiri ba ta cike wannan gurbi ba, domin shi baƙo ne da aka turo. Infoma kuwa ɗan gari ne, ana salla sahu ɗaya da shi, yana zuwa jaje gidan da ya sa aka shiga. Da ɗan gari akan ci gari. Idan aka koma ga bayanin da aka yi a 4.3 za a ga cewa wannan shi ne mai fuska biyu na asali, mai zuwa wa gari da wata fuska, ya je wa daji da wata.

To, me ya sa ba a tsaya ga munafuki ba? A ganin wannan nazari, dalilin shi ne yawan amfani ya sa munafuki ta yi laushi, har abokai suna jifar juna da ita cikin raha. Bayan haka munafuki hukuncin hali ne, wanda akan bar mai shi da Allah da kuma bakin duniya. Infoma kuwa sunan laifi ne mai hukunci. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan wayar hannu a Jihar Zamfara, kuma cikin dalilan da aka bayar har da yanke sadarwa tsakanin 'yan bindiga da masu ba su labari. A watan Yuni na 2022 gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi hukuncin kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu bayanai. Kalmar da take da irin wannan doka a bayanta ba a wasa da ita.

A nan ne haɗarin yake. Bahaushe ya saba da tambayar fuska labarin zuciya, amma infoma ba shi da alama a fuska, saboda haka zato ya maye gurbin shaida. Kafofin watsa labarai sun sha kawo rahoton mutanen da aka kashe ba tare da an kai su gaban alƙali ba, a kan zargin wannan laifi. Wanda yake da ƙullalliya da maƙwabcinsa a kan gona ko bashi ko neman aure, ya isa ya raɗa wa wani a kunne cewa wane infoma ne. Mai yin haka kuwa, bisa ma'aunin Hausa, shi ne munafukin, tun da ya ɗauki magana ya shiga tsakanin mutum da jama'arsa. Tsohuwar kalmar tana da wannan fa'ida, cewa tana kama mai kai rahoto daji, tana kuma kama mai ƙaga rahoto a cikin gari. Kalmar aro kuwa ɓangare ɗaya kawai take gani.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kalmomin Turanci na yaudara sun ginu a kan tunanin fuskar aro, watau saɓanin zahiri da baɗini, alhali na Hausa sun ginu a kan amana da zaman tare. An nuna cewa fuska biyu ta fi kusa da hadisi bisa ga Janus, kuma munafuki da ‘hypocrite’ sun yi tarayya a wani yanki ne kawai na ma'anarsu. Waziri da Aku da Zurƙe da Viola duk sun ɓoye wani abu, amma ɗaya ne kawai daga cikinsu Hausa ta kira munafuki. Saboda haka ya kamata mai fassara, kafin ya ɗauki kalma daga ƙamus, ya tambayi kansa abu biyu: shin akwai amanar da aka ci, kuma mutum nawa ne a cikin lamarin? Idan babu amana, to yana tsakanin wayo da dabara da ɓad-da-kama. Idan 'yan kallo kawai ake yi dominsu, riya ce ko ganin ido. Idan kuwa an shiga tsakanin mutane biyu, a nan ne munafunci da fuska biyu suke da gurbi. Wannan taka-tsantsan ya fi zama wajibi ga masu fassara labarai da sanarwar hukuma a kan matsalar tsaro, domin abin da suka faɗa a rediyo shi ne ake maimaitawa a kasuwa da bakin masallaci. A babi na biyar za a kawo taƙaitawa da shawarwarin da wannan bincike ya samar.